Irin Gyaɗar Malam Liti

Ofishin Barista Zaharaddini ɗaki biyu ne a bakin titi a Karaye, tsakanin wani kemis da shagon masu ɗinkin labule. A ƙofar akwai benci, kuma tun da aka ajiye bencin nan ba a taɓa ganinsa babu kowa a kai ba, sai ko ranar Juma'a lokacin masallaci. Masu rigimar gona, masu rabon gado, direban da aka kama wa mota, duk nan suke zama, kuma in aka tambaye su amsarsu ɗaya ce. Barista suke son gani, shi da kansa.

Shi ma bai san wata hanyar ba. Lokacin da ya buɗe ofishin ya yi watanni yana zuwa da safe ya share ɗaki, ya zauna yana kallon ƙofa har la'asar, babu mai leƙowa sai masu talla. Wannan zaman bai taɓa fita daga jikinsa ba. Ya yi suna, ya yi mota, amma har yanzu in mutum ya yi sallama da wata magana, bakinsa ba ya iya cewa a'a. Gani yake ranar da ya mayar da mutum ɗaya, ran nan ofishin zai koma yadda yake a da. Fayiloli ma ba a ofis suke kwana ba, a but ɗin motarsa suke, duk inda ya je suna biye da shi. Abin da ba a rubuta a cikinsu ba kuwa, wanda shi ya fi yawa, yana cikin kansa.

Yana da lauya guda a ƙarƙashinsa, Sadiƙa, 'yar unguwar Daura ta nan Karaye. A ofishin ta yi bautar ƙasa, da ta gama ya riƙe ta. Aikinta dai ɗaya ne. In shari'a biyu suka haɗu masa rana ɗaya, wanda kusan kullum sai sun haɗu, ita ce za ta shiga motar haya ta je ɗaya kotun, ta miƙe ta ce Barista yana wata kotun, ana roƙon a ɗage. Har masinjojin kotun Rogo suka sa mata suna Barista A-Ɗage. Da sun hango ta daga bakin ƙofa sai su fara murmushi, ita ma ta yi musu murmushin, don ba ta san me za ta yi ba in ba shi ba.

Ranar wata Litinin bayan azahar, hadari na haɗuwa ta gabas yana watsewa, Malam Liti ya iso daga Zoza a kan acaba. Dattijo ne gajere, manomin gyaɗa. Maƙwabcinsa Sulle ne ya kai shi ƙara a Rogo cewa ya ci masa iyaka, har aka ɗaga wa juna fartanya, shi ya sa alƙali ya hana kowa shiga gonar sai an gama shari'a. Daminar bara haka gonar ta kwana, ciyawa ta ci ta.

Aka gaisa. Aka tambayi gida, da yara, da zafi, da hanya. Malam Liti ya zauna a gefen kujera kamar mai shirin tashi, sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da gyaɗa mai ɓawo, ya zuba a kan teburin, kusa da wayar Barista da ke ta ruri.

"Tsaraba ce, Baba?" in ji Barista.

"Iri ne. Tambaya na zo yi maka guda ɗaya, in kama hanya. In ɓare, ko in bar shi a ɓawonsa?"

Barista ya fahimce shi sarai, don shi ma ɗan manomi ne. Irin gyaɗa a cikin ɓawonsa ake ajiye shi, ba a ɓare shi sai shuka ta matso, domin da an ɓare ba ya jure dogon zama.

"Bara ka ce in ɓare, an kusa gamawa," in ji dattijon, ba da faɗa ba. "Muka zauna ni da iyali muka ɓare. Ƙarshenta masu ƙuli-ƙuli suka kwashe shi. Irin nan kuwa tun na mahaifina ne nake juya shi. Wannan da ka gani a wurin ƙanena na roƙo, shi ne ragowar. Kowa a garinmu ya gama sharar gona, ni ina zaune kamar baƙo."

"In sha Allahu gobe za a yi wani abu, Baba."

"Haka ka ce bara."

Sadiƙa tana tsaye a bakin ƙofar da ta raba ɗakunan biyu. Ta ɗan yi gyaran murya.

"Yallaɓai, goben ce kake da shari'ar direban nan a nan Karaye. Shaidar da ka fara yi wa tambayoyi zai dawo, kuma an ce lallai kai za ka ƙarasa."

"Na sani."

"Goben ce kuma alƙalin Rogo zai je gonar Baba ya gani da idonsa."

"Na sani, Sadiƙa. Sai ki je ki roƙa a ɗan ɗage mana."

Ta sunkuyar da kai. Ba mai yawan magana ba ce, kuma tana tsoronsa, amma ta ƙarasa.

"Wancan zaman alƙalin ya faɗa mini a gaban jama'a cewa in aka sake ɗagewa, sai ya dawo daga aikin Hajji. Na faɗa maka a waya, kana tuƙi."

Barista ya tuna an faɗa masa, ya kuma tuna ya ce to. Kafin alhazai su dawo gyaɗar mutane ta yi fure. Direban kuwa yana tsare, ba a barin mutum a tsare don a je kallon gona. Ya shiga lissafin da ya saba yi: in alƙalin Karaye ya zauna da wuri, in shaidar bai yi taurin kai ba, in hanyar Rogo ba ta yi ruwa ba. Ya san ƙarya yake yi wa kansa. Ya sha yin wannan lissafin, bai taɓa fita daidai ba.

Wayar ta sake ruri. Wani mutum mai babbar riga ya leƙo daga waje ya ce, "Barista, tun hantsi fa nake nan. Maganar shagona ce, ba za ta ɗauke ka lokaci ba."

Barista ya ji ɗakin ya yi masa kaɗan. Ƙofa ɗaya ce, kuma a bakinta mutane ne. Taga ɗaya ce, an sa mata ƙarfe. Ya dubi gyaɗar da ke kan tebur. Shekara da shekaru yana gudu tsakanin Karaye da Rogo don kada ya rasa kowa, ga wanda bai rasa ba yana zaune a gabansa, damina ta biyu na shirin wuce shi.

"Alhaji," ya ce wa mai babbar rigar, "ka yi haƙuri. Maganar shagon nan ba zan iya karɓarta ba. Akwai Barista Abdulmumini a bayan tasha, ya iya irin wannan aikin. Ka ce ni na turo ka."

Mutumin ya tsaya yana kallonsa. "Korata kake yi?"

"A'a, wallahi. In na karɓa zan ɓata maka lokaci ne."

"To ai shi ke nan. Mun gode." Ya gyara rigarsa ya tafi, tafiyar wanda zai ba da labari a majalisa. Barista ya bi shi da kallo. Ya so ya bi shi ya kira shi. Ya riƙe gefen tebur har sha'awar ta wuce.

Sannan ya fita ya ba sauran mutanen benci haƙuri, ya ce su dawo Laraba. Ya buɗe but ɗin mota, ya tono fayil ɗin Malam Liti daga ƙarƙashin wasu, ya miƙa wa Sadiƙa.

"Ɗauko jakarki. Zoza za mu."

Malam Liti ya zauna a gaba, Sadiƙa a baya da fayil a cinyarta. Sai da suka wuce Rogo dattijon ya gane abin da ake shiryawa.

"Barista, ban gane ba. Ita za ta tsaya mini gobe?"

"Ita za ta tsaya, Baba."

"Ni fa kai na ɗauka. Yarinyar nan ba na raina ta, tana da ladabi, amma ni tun da nake zuwa kotun nan kalma ɗaya na taɓa ji a bakinta."

"Ni na hana ta faɗin sauran."

"To ka hana ta gobe ma mana, ka zo da kanka."

"In na ce zan zo, ƙarya zan yi maka, Baba. Ka gaji da ita, ni ma na gaji."

Dattijon ya juya ya dubi gonakin da ke wucewa, an share su fes, wasu har an kai taki an jera shi tsibi-tsibi. A baya Sadiƙa tana buɗe fayil tana rufewa. Takardun ciki ba su da yawa, kuma rabinsu rubutunta ne na ranakun da aka ɗage.

Gonar ba ta da wuyar ganewa, ita kaɗai ce busasshiyar ciyawar bara ke tsaye a cikinta. Suka tsaya a kan hanyar shanu da ta bi gefenta, tunda umarnin kotu ya hana shiga. Barista ya kashe wayarsa, abin da ba ya yi sai a gaban alƙali ko a sallah.

Ya fara bayani, sai ya ga abin ya fi wuya fiye da yadda ya zata. Ya saba riƙe magana a kansa dunƙule, bai saba warware ta wani ya kama ba. Ya ce ga ɗorawar can, Sulle yana cewa ba ita ce iyaka ba. Ya ce ga layin gamba can, Sulle yana cewa shi ne iyakar, wai kakansa ne ya dasa. Baba kuma ya ce gambar shi ya dasa ta da hannunsa don zaizayar ruwa, iyakar gaskiya ita ce ɗorawa, kuma mai unguwa zai shaida matan gidansu ne ke roron kalwarta tun fil azal.

"Yallaɓai, a hankali," in ji Sadiƙa, tana rubutu a bayan fayil. "Wace gambar? Na ga biyu."

"Ta kusa da ɗorawar. Waccan ta kudu ba ruwan kowa da ita."

"To daga gambar zuwa nan inda muke tsaye, me Sulle yake cewa a kai?"

"Ba ya cewa komai. Nan ai na Baba ne, shi ma bai musa ba."

Ya faɗi maganar, sannan ya ji ta. Ya tsaya. Ya dubi ɗan zirin da ke tsakanin gamba da ɗorawa, wanda bai fi a yi masa kunya goma sha wani abu ba. Ya dubi sauran gonar, shimfiɗe har bakin hanyar shanu, wadda babu mai jayayya a kanta, amma ita ma ta kwana bara saboda umarnin ya ce gona, bai ce wane ɓangare ba. An ba da umarnin ne ranar da ake tsoron a zub da jini, kuma tun ranar babu wanda ya koma ya roƙi a taƙaita shi. Aikin lauyan Malam Liti ne ya roƙa. Ya zo gonar nan sau ɗaya a baya, amma a tsaye ya zo, waya a kunne, injin mota bai ma kashe ba.

"Sadiƙa," ya ce a hankali, "gobe kada ki sa ran hukunci. Ba za a yanke a gona ba. Abu ɗaya za ki nema kafin alƙali ya shiga mota. Ki sa lauyan Sulle ya faɗa da bakinsa cewa daga gamba zuwa hanya ba sa nema. In ya faɗa, ki roƙi a janye hanin daga wannan ɓangaren, zirin kawai a bari."

"In ya ƙi faɗa fa?"

"Ki tambayi Sulle da kansa ya nuna wa kotu inda gonarsa ta tsaya. Zai je ya tsaya a kan gambar, don abin da yake ta rantsuwa a kai ke nan. Shi ke nan ya faɗa da ƙafarsa."

"In na rikice fa, Yallaɓai? Ban taɓa wuce jimla biyu a gaban alƙali ba."

"Ki rikice. Ki yi shiru ki sha ruwa ki ci gaba. Zo, ni ne lauyan Sulle, Baba ne alƙali. Fara."

Malam Liti ya ce shi bai iya alƙalanci ba, amma ya zauna a kan wani kututture ya harɗe hannu. Sadiƙa ta fara, ta ce Allah ya gafarta Malam, ta tsaya, ta sake farawa. Barista ya katse ta da gardama irin ta lauyoyi, kanta ya ɗaure, ya nuna mata inda za ta bi, suka koma. Can dattijon ya ce, "Ni dai in ni ne alƙalin, ɗaga murya za ki yi, 'yata. A gona iska kwashe magana take." Suka yi ta yi har rana ta yi ja, suka yi la'asar a makare a masallacin bakin hanya.

Da za su rabu Malam Liti ya leƙo ta tagar mota. "Har yanzu ba ka ba ni amsa ba. In ɓare?"

Barista ya buɗe baki zai ce in sha Allahu, ya fasa. "Kada ka ɓare yau, Baba. Gobe ita za ta faɗa maka."

Washegari yana cikin kotun Karaye tun da safe. Ba a kira shari'arsa da wuri ba, akwai wasu a gabansa. Ya zauna a bencin lauyoyi, waya a kashe a aljihu, fanka na juya zafi a sama. Yanzu sun isa gonar, ya ce a ransa. Yanzu lauyan Sulle yana magana, mutum ne mai baki, zai iya tsorata ta. Ya tuna bai gaya mata mai unguwa ba ya ji sosai da kunnen hagu ba. Ya tuna wasu abubuwa biyu da bai gaya mata ba. Ƙafarsa ta yi ta kaɗawa har lauyan da ke kusa da shi ya ce, "Barista, lafiya? Ko kai ne ake tuhuma?" Ƙofar kotun a buɗe take, motarsa na nan a ƙarƙashin darbejiya yana hango ta, amma ba shi da ikon tashi, ko ya tashi ma ba zai isa ba. A wannan zaman ne ya lura cewa yau ce rana ta farko da aikin ofishinsa ke tafiya a wani wuri ba tare da shi ba. Abin bai yi masa daɗi ba ko kaɗan.

Da aka kira shi ya miƙe ya yi wa shaidar tambayoyi. Ba shi da wani wurin da zai ruga, don haka bai yi sauri ba, kuma ya daɗe bai yi tambayoyi masu kyau kamar na ran nan ba.

Sai bayan azahar ya koma ofis. Sadiƙa na zaune, gefen doguwar rigarta duk ƙaiƙayin ciyawa, takalminta ya yi ja da ƙasa. Ta miƙe.

"Yallaɓai, na yi kuskure. Na kira mai unguwa, na tsaya ta hagunsa, bai ji tambayar ba, ya ba da amsar wani abu daban. Lauyansu ya kama wannan. Alƙali ya ce maganar ɗorawa sai ya dawo a sake jin shaidar."

"Laifina ne, ban gaya miki ba. Ɗayar fa?"

"Lauyan ya ƙi faɗa. Sai na tambayi Sulle. Ya tafi da sauri ya tsaya a kan gambar har yana buga ƙafa." Ta ɗan yi murmushi, ta ɓoye shi. "An janye hanin daga gamba zuwa hanya. Zirin ne kawai ba a taɓawa. An rubuta, na tsaya sai da na ga an rubuta."

Barista ya zauna. Gyaɗar jiya tana nan a kan tebur inda dattijon ya zuba ta.

"Baba fa?"

"Ya ce a gaishe ka. Ya ce ban yi laifi ba, amma ranar ɗorawa ka zo da kanka."

"Ke za ki je."

Ya ciro mukullin mota ya ajiye a gabanta. "Ki sa a kwaso fayilolin nan daga but. Duk na Rogo ki ware su gefe, daga yau naki ne. Laraba da safe ba na ganin kowa, zama za mu yi ni da ke mu bi su ɗaya bayan ɗaya, ki tambaye ni duk abin da babu a ciki. Waɗanda ba za mu iya ba mu faɗa wa masu su tun yanzu."

"Mutanen benci za su yi fushi, Yallaɓai. Ka ce musu Laraba."

"Za su yi. Ki ce musu bayan azahar."

Ya faɗa da ƙarfin hali, amma da ya leƙa waje ya ga mutum biyu kawai a bencin, sai da ya tsaya ya sake ƙirga su. Ya dawo ya kunna waya. Kira ya taru, a ciki har da wata lamba da bai sani ba, ta kira sau da yawa. Ya bi ta. Ƙanen Malam Liti ne, ya ce ga Yaya.

Dattijon bai yi doguwar gaisuwa ba, kamar mai aiki a hannu. A bayansa ana jin muryoyin mata da ƙas-ƙas ɗin ɓawo yana fashewa.

"Barista, ita 'yar taka ta ce in ɓare. Na ce bari dai in ji daga bakinka."

"Me nake ji a bayanka, Baba?"

"To, mun ɗan fara. Hadarin nan ba zai jira ka ɗaga waya ba."

"Abin da ta faɗa maka shi ne. Ku ci gaba."

"Amma na rage kwano guda a ɓawonsa, na zirin nan. Ko baɗi ne."

Barista ya ce hakan ya yi. Ya ajiye wayar, ya tattara gyaɗar da ke kan tebur ya zuba a aljihun tebur, sannan ya fita ya taya Sadiƙa kwaso fayilolin, don iska ta fara tashi kuma akwai ƙamshin ruwa a cikinta.